Sana'ar Tsara Fuskar Waya da Abin da Mutanen Kwaya Ke Jira

A ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 ne shugaban ƙasa, Janar Abdourahamane Tiani, ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya biyo bayan babban taron da aka yi a Yamai cikin watan Fabrairu na wannan shekara. Kundin ya tsai da Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Labarin ya faranta ran jama'a masu yawa, tun ba waɗanda suka sha wahalar zaman ajin yaƙi da jahilci da rani ba, har suka iya karanta takarda da harshen da suka sha a nono.

Amma doka a takarda take zaune. Wurin da talaka ke gamuwa da rubutu safe da yamma a wannan zamani shi ne fuskar wayar salula. A nan yake ganin sunan mai kiransa, a nan kuɗin da ɗansa ya aiko daga ci-rani ke sauka, a nan kuma hukuma da ƙungiyoyi suke ƙara neman isa gare shi. Fuskar wayar nan har yanzu Faransanci ta fi yi, ko Ingilishi in daga Kano aka sayo ta. Saboda haka ya kamata a dubi wata sana'a da ba a cika ambatonta ba a ƙasar nan, watau sana'ar masu tsara shafin intanet da fuskar manhajar waya, a kuma auna ta da bukatun wuri kamar Kwaya, ƙaramar hukumar karkara cikin gundumar Magarya, a jihar Damagaram, dab da iyakar Najeriya.

Mene ne aikin mai tsarawa?

Duk abin da mutum ya gani a gilashin wayarsa, wani ne ya zauna ya shirya shi. Shi ya zaɓi kalmar da za a rubuta a kan madanni, da girman baƙaƙe, da launi, da abin da zai fara fitowa da abin da zai biyo baya, da kuma maganar da waya za ta yi wa mutum in ya yi kuskure. Aikinsa dabam yake da na mai haɗa injin manhaja daga ciki, kamar yadda aikin mai fasalta gida ya bambanta da na mai kwaɓa ƙasa. Gida yana iya yin ƙwari, amma in an sa ƙofar zaure inda baƙo ba zai gan ta ba, sai ya yi ta zagaye har ya gaji ya koma.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce. A shekarar 1984 kamfanin Apple na Amurka ya fito da kwamfuta mai suna Macintosh, wadda wata mai zane, Susan Kare, ta yi wa ƙananan hotuna don mutum ya gane aikin kowane wuri ba sai ya haddace umarni ba. A shekarar 1989 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya gabatar da shirin da ya haifar da shafukan intanet, aka buɗe su ga duniya a 1991. Hotunan da masu zane na farko suka zaɓa daga buro na ƙasarsu suka ɗauko su: kwandon shara, da ambulan ɗin wasiƙa, da jakar ajiye takardu. Ma'aikacin Amurka ya san su tun yana yaro. Matar da ke casar gero a wani ƙauyen Kwaya ba ta taɓa jefa takarda a irin wannan kwando ba, don haka hoton bai gaya mata kome ba. Laifin ba nata ba ne, don ba domin ta aka zana shi ba.

Abin da Kwaya ke koya wa mai tsarawa

Abu na farko shi ne karatu. Ƙididdigar Bankin Duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa kamar kashi 38 cikin 100 na manya a Nijar ne suka iya karatu da rubutu, kuma mata da mutanen karkara su ne a baya. Cikin waɗanda suka iya, wasu Hausar boko suka koya a ajin yaƙi da jahilci, wasu kuma ajami suka sani daga makarantar allo, ba su taɓa shiga lakol ba. Duk fuskar waya da aka cika da dogon Faransanci ta rufe wa waɗannan duka ƙofa.

Abu na biyu shi ne lissafin kuɗi. A kasuwannin ƙasar nan da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya tamma 5 ce. Takardar da aka rubuta wa 500 ita ake ce wa dala ɗari, ta 1,000 kuwa jikka. Waya ba ta san dala ba. In mai sayar da riɗi ya ce ɗari biyar, yana nufin sefa 2,500. Mai saye da ya buga 500 a waya, kamar yadda kunnensa ya ji, kashi ɗaya cikin biyar kawai ya biya, rigima kuwa ta tashi. Banda haka, a kasuwannin bakin iyaka kamar na yankin Magarya da Dungas naira ma tana yawo tare da sefa. Mai tsarawa da ya san wannan zai nuna adadin da lamba, ya sa hoton takardar kuɗin da mutum ya saba riƙewa, ya kuma sa murya ta faɗa masa da dala ko jikka kafin ya amince. Wanda bai taɓa zama a rumfar kasuwa ba, ba zai ma san akwai wannan rami ba.

Abu na uku shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Taron masana da hukumar UNESCO ta shirya a Bamako a shekarar 1966 ya yi aiki a kan rubutun Hausa, kuma gwamnatin Nijar ta tsai da ƙa'idar rubutun ta hanyar doka a 1999. Da waɗannan baƙaƙe ake raba ƙasa da kasa, da ƙafa da kafa. Amma tsarin gajeren saƙon waya da aka yi a Turai bai sa su cikin jerinsa ba. Saƙo ɗaya yana ɗaukar baƙaƙe 160, to da zarar an sa ƙ guda ɗaya sai waya ta koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai. Sanarwa mai baƙaƙe 150 da za ta tafi a saƙo ɗaya sai ta rabu uku, kuɗinta ma ya ninka uku. Ma'aikatar da za ta aika wa manoma dubbai sanarwar iri ko ta rigakafi tilas ta zaɓa: ko ta ɓata rubutu, ko ta ƙara kuɗi, ko ta samu mai iya gajarta magana ba tare da ma'ana ta zube ba. Wannan ma yana cikin aikin mai tsarawa. Ta fannin ajami kuwa an samu ci gaba, domin a shekarar 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da baƙaƙen kwamfuta masu suna Alkalami, waɗanda aka zana bisa hannun malaman Kano da Nijar, kuma kyauta ake samunsu.

Abu na huɗu shi ne halin da wayar kanta take ciki. A karkara waya mai madannai ta fi yawa, rezo yana zuwa yana ɗaukewa, caji a shagon mai hasken rana ake biya a yi, kuma sau da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da ƙane. Shafin da aka loda wa manyan hotuna yana cinye kuɗin mutum tun bai buɗe ba. Tsarin nan na buga tauraro da lambobi, wanda ake duba kuɗi ko aikawa da shi, yana yankewa in an jima ba a danna kome ba. Mai koyon karatu yana cikin haɗa baƙi da wasali sai ya ga an kore shi, ya sake farawa daga tushe.

Sakamakon duk waɗannan a fili yake. Dattijo ko bazawara da aka aiko wa kuɗi sai su miƙa waya ga wani yaro, su gaya masa lambar sirri. Galibi yaron mai amana ne, amma asirin gida ya fita, kuma ranar da aka gamu da macuci babu shaida. Fasahar da aka kawo don ta ƴantar da mutum sai ta mai da shi mai jiran wani.

Darasi daga Indiya

Wannan matsala ba a Nijar kaɗai take ba, kuma akwai wadda ta mai da ita aikin rayuwarta. Indrani Medhi ƴar Indiya ce da ta fara karatun fasalin gine-gine a ƙasarta, sa'an nan ta tafi Shikago ta Amurka ta karanci tsare-tsare. Wajen shekarar 2005 ta shiga cibiyar bincike ta kamfanin Microsoft a birnin Bangalor. Maimakon ta zauna a buro, sai ta riƙa shiga unguwannin talakawa tana zama da mata masu aikatau a gidajen mutane, waɗanda ba su iya karatu ba, tana nuna musu zane tana duban abin da suka gane.

Abin da ta gano ya saɓa wa zaton masana da yawa. Zanen hannu mai sauƙi ya fi alama maras kama da kome saurin shiga. Murya da harshen mutum tana bukatar kasancewa a kowane mataki. Jerin zaɓi mai rassa, inda ake shiga wannan a fita a shiga wancan, yana ɓatar da wanda bai yi makaranta ba. Lambobi kuwa mutane da yawa suna gane su ko da ba su iya baƙaƙe ba. Da ita da abokan aikinta suka gwada aika kuɗi ta waya, cikin marasa karatu ba wanda ya iya kammalawa da fuska mai rubutu zalla, amma da aka sa hotuna da murya sai akasarinsu suka kai ƙarshe. A shekarar 2010 mujallar jami'ar MIT ta Amurka ta sa ta cikin matasa masu ƙirƙira da ba su kai shekara 35 ba. Abin lura cikin tarihinta shi ne, ƙwarewarta daga zama da mutane ta fito, kwamfuta ta biyo baya.

Abin da ƙasar nan ta riga ta sani

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan irin aiki, ko da yake ba da wannan suna aka san shi ba. An kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a shekarar 1962, da ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963. Daga 1966, a yankunan gyaɗa na Matamaye da Magarya, hukumar UNCC ta fara miƙa wa manoma ragamar kasuwanninsu, aka riƙa koya wa wakilan ƙauyuka karanta ma'auni da riƙe littafin lissafi, domin kada a cuce su wajen awo. A 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Malaman da suka yi waɗannan ayyuka sun san yadda ake shirya shafi don babban mutum mai fara karatu: baƙi manya, magana ɗaya a layi ɗaya, misali daga gona da kasuwa. Wannan shi ne tushen ilmin da mai tsara fuskar waya yake bukata.

Da salula ta shigo ƙasar a shekarar 2001, amfaninta bai ɓoyu ba. Binciken wata masaniya ƴar Amurka, Jenny Aker, ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 bambancin kuɗin hatsi daga kasuwa zuwa kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda rezo ya isa, domin ɗan kasuwa yana iya tambayar farashi kafin ya ɗaura kaya. A shekarun 2009 da 2010 ita da abokan aikinta, tare da ƙungiyar CRS, suka bi wani shirin yaƙi da jahilci a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram. A kusan rabin ƙauyukan an ƙara wa ɗalibai darasin waya, kowane mutum 5 da waya ɗaya, suna koyon gane baƙaƙe da lambobi a madannai da rubuta saƙo. Ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. Dalilin a bayyane yake: wanda ya fita aji bai da abin karantawa yakan manta, wanda yake da saƙon da zai aika wa ɗan'uwansa kuwa kullum yana cikin bita. Ke nan fuskar waya mai Hausa ingantacciya littafin karatu ce da ba ta barin aljihu.

Akwai kuma misalin ɗan ƙasa, Abdou Maman Kané, wanda ya ƙirƙiro ban ruwa daga nesa. Mai lambu yana tada injin ban ruwansa da wayar da yake da ita, ko yana kasuwa ko yana gida. Wannan ƙirƙira ta samu babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu na Maroko a shekarar 2015. Hikimarta ita ce ba ta nemi manomi ya koyi sabon abu mai wuya ba. Abin da hannunsa ya riga ya saba da shi aka ɗora aikin a kai.

Hanyar matashi mai son sana'ar

Yaron Kwaya ko na Dungas da ya gama sakandare yana iya kama wannan hanya, kuma ba ta bukatar jari mai yawa kamar sufuri ko gini. Da farko zai koyi ƙa'idojin shirya shafi: tazara, launin da ake gani ko cikin rana tsaka, girman madannin da yatsan manomi zai iya taɓawa. Sa'an nan ya koyi harsunan da ake gina shafi da su, irin HTML da CSS, da kayan zane irin Figma wanda ya fito a 2016. Waɗannan ana samun darussansu a intanet, ana kuma iya ɗora su a kan karatun jami'a, ga ta Damagaram nan da aka kafa a shekarar 2010. A Yamai kuma an buɗe cibiyar CIPMEN a 2014 don tallafa wa matasa masu ƙananan kamfanoni.

Amma abin da zai raba shi da dubban matasan duniya da suka san waɗannan kaya shi ne abin da ya taso da shi. Ya san dala da jikka, ya san yadda ake yi wa dattijo magana, ya san cewa akwai kalmar da Bakano zai gane amma mutumin Tawa ya yi tsaye. Wajibi ne ya ƙware a rubutun Hausa bisa ƙa'ida, ya kuma iya gwaji. Wani masani ɗan Danmak, Jakob Nielsen, ya bayyana a shekarar 2000 cewa in aka gwada shafi da mutum 5 kawai ana gano mafi yawan kurakuransa. Gwajin ba shi da tsada: a ba mutum waya, a ce ya aika wa ɗansa jikka biyu, a yi shiru a ga inda zai tsaya. Inda mutum uku suka tsaya, nan gyara yake.

Kasuwar aikin tana nan. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, da kamfanonin waya, da ma'aikatun gwamnati, da ƙungiyoyin agaji, da ƴan kasuwa masu son tallata kaya, duka suna neman isa ga mai jin Hausa. Masu jin harshen kuwa sun wuce iyakar ƙasa, daga Kano da Katsina har zangon Kumasi. Haɗarin da ke gaban matashi shi ne kwaikwayo: ya ɗauko shafin da aka yi don mutanen Turai, ya sauya masa suna da launi, ya ce ya gama. Irin wannan aiki yana burge mai buro, amma kayan aro ba ya rufe katara.

Nauyin da ke kan hukuma

A shekarar 2017 aka kafa hukumar ANSI mai kula da harkokin fasahar sadarwa, kuma a 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin kai rezo da hidimar kuɗi ta waya zuwa ƙauyuka. Kafa eriya babban aiki ne, amma eriya tana kai saƙo ne zuwa waya kawai. Daga waya zuwa fahimtar mutum akwai sauran tafiya, kuma ita ce ba a cika ware wa kuɗi ba.

Akwai matakan da ba su fi ƙarfin kowace ma'aikata ba. Duk wanda zai ba da kwangilar shafi ko manhaja da kuɗin jama'a ya sa sharaɗi a rubuce cewa ba za a karɓi aikin ba sai an gwada shi a karkara, da mata da maza, da masu boko da masu ajami da waɗanda ba su da ko ɗaya. A haɗa matasa masu tsarawa da malaman yaƙi da jahilci, su tsai da kalmomi guda na aikawa da karɓa da sokewa da tabbatarwa, domin kada kowane kamfani ya fito da nasa. A sa darasin waya cikin azuzuwan manya, tun da gwajin Doso da Damagaram ya nuna amfaninsa. Kada kuma a manta cewa a yankin Magarya da Dungas akwai Fulani da Barebari. Tsarin da ya dogara da murya da hoto yana da sauƙin juyawa zuwa Fulatanci da Barbarci, da Zabarmanci da sauran harsunan da kundin ya ambata.

Magajin gari ko shugaban ma'aikata da aka kawo wa sabon shafi don ya sa hannu yana da ma'auni a kusa da shi. Ya kira mutum biyar daga cikin waɗanda suka samu takardar shaidar yaƙi da jahilci a ƙauyensa, ya ba su waya, ya zauna ya duba. In sun kai ƙarshe ba tare da sun nemi taimako ba, kuɗin jama'a bai faɗi a banza ba. In sun tsaya, sai a mai da aikin ga mai shi ya gyara kafin a biya.